Awa Huɗu a Durowar Jan Biro

A asibitin nan, in ka tambayi mai haɗa magani da sunanta na gaskiya, sai an yi ta kallon juna kafin wani ya tuna. Amma ka ce Jan Biro, ko mai shara zai nuna maka hanya: ka bi baranda har ƙarshe, ka wuce ɗakin ɗaukar hoto, taga ta biyu a hannun hagu. Shekara ashirin da biyu tana bayan tagar nan, tabarau a karan hanci, jan biro maƙale a aljihun farar riga, makullin kabad ɗin ƙarfe ɗaure da igiya a wuyanta. A kabad ɗin ake ajiye mofin da danginsa, magungunan ciwon nan masu ƙarfi, waɗanda in an ba da su daidai mutum ya samu barci, in an zarce su tsayar masa da numfashi.

Aikinta shi ne ta karanta abin da likita ya rubuta kafin ya shiga jikin mutum. Ba ta fara karatu daga sunan magani. Shekarun mara lafiya take fara dubawa, sai nauyinsa, sai gwajin ƙodarsa, sannan ta sauko kan maganin. In ta ga abin da bai kwanta mata ba, ta zagaye shi da ja, ta ɗaga wayar ofis. Maganarta ɗaya ce, ba ta canzawa: “Dakta, a sake duba mana layi na uku.” Ba ta taɓa ce wa likita ya yi kuskure ba. Shi zai sauko, ko ya aiko, a soke a rubuta sabo, tsohuwar takarda ta tafi kwandon shara. Haka aka saba a gidan tun kafin ta zo: kuskuren da aka gyara ta waya ba a rubuta shi ko'ina. Likita ya tsira da mutuncinsa, mara lafiya ya tsira da ransa, ita kuma ta koma ƙirga ƙwayoyi. Akwai mutane da yawa da ke yawo a gari da ƙafarsu albarkacin wayar nan, kuma ko ɗaya daga cikinsu bai sani ba.

Da a ce iyakar abin ke nan, da ta iya haɗiyewa. Amma akwai ƙanwarta.

Su biyu ne wurin mahaifiyarsu, shekara tara tsakaninsu. Jan Biro ce mai kan karatu, wannan kowa ya shaida, kuma likita take son zama tun tana ɗaure wa 'yar tsana ƙafa da tsumma. Shekarar da za ta zauna jarrabawa mahaifinsu ya kwanta, ta yi wata bakwai tana juya shi a gado. Da sakamako ya fito, maki kaɗan ya rage mata. Aka ce ga sashen haɗa magunguna, ai duk asibiti ne. Ta tafi ba don tana so ba, ta kuma fito da sakamakon da ya fi na kowa, don ita ko abin da ba ta so ba ta iya yi masa riƙon wasa. Ƙanwar kuwa, a kan cinyarta ta koyi lissafi. Ita ta zana mata zuciya a bayan kwali, ita ta riƙa tsare ta da tambayoyi har yarinyar ta yi kuka. Yarinya ta ci jarrabawa, ta shiga, ta fito likita.

Daga ranar sunan ƙanwar ya ɓace a gidan. Umma ta koma kiranta Likita, da baki cike, kamar ita ta raɗa mata. Maƙwabta su shigo da ƙurji da tari, su wuce Jan Biro a tsakar gida, su ce, “Likita na nan?” In an ce ba ta nan, su ce to bari su dawo. Kowace Lahadi Jan Biro ke jera wa Umma ƙwayoyin hawan jini a ɗan akwati mai gida bakwai, amma tsohuwar ba za ta kai ko ɗaya baki ba sai Likita ta leƙa ta gyaɗa kai. Likitan kuwa, in ta leƙa, sai ta saci kallon yayarta tukuna. Umma ba ta taɓa lura da wannan ba.

A faɗi gaskiya, kishi ne, ba shi da wani suna. Jan Biro na son ƙanwarta. In ta yi zazzaɓi ita ke fara zuwa. Amma in ta ji an ce Likita, wani abu ke tokare ta a ƙahon zuci, ya yini bai sauka ba. Ita kaɗai ce a dangi ba ta kiranta da sunan. A gida Auta take ce mata, a asibiti Dakta, kuma yadda take jan wannan Daktan, ko kurma ya san da magana.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka kawo Auta asibitin, sashen masu ciwo mai tsanani, inda mofin ya fi ko'ina tafiya. Ba za a ɗauki alhakinta ba, likita ce ta ƙwarai. Tana zama a bakin gado, tana riƙe hannun tsoho har ya gama ƙorafinsa. Aibinta gaggawa. Tana rubutu tana amsa waya tana ce wa nas ga ta nan zuwa. A shekarun nan goma sha ɗaya, sau arba'in da uku Jan Biro ta zagaye mata layi da ja. Ba ta rubuta a ko'ina ba, a kanta ta riƙe, kuma in da za ka tashe ta daga barci za ta faɗa maka lambar.

Mutum ɗaya ne a duniya ya taɓa kiran Jan Biro likita, wani kafinta. Shekarun baya ya zo karɓar wa matarsa magani, ya ga yadda mutane ke dafa bango suna sa hannu a takarda. Bayan kwana uku sai ga shi da katako da ƙusa, ya kafa mata kantar katako a bakin taga, ya goge ta sumul, har ya zagaye kusurwar don kada ta kama rigar wani. Tun daga nan in ya zo sai ya ƙwanƙwasa katakon sau biyu ya ce, “Likitar taga, an tashi lafiya?” Ta kan ce, “Baba, ka daina, za ka sa a kore ni.” Shi kuma ya ce na ciki rubutu suke yi, ita ce mai karantawa. Tana harararsa ta saman tabarau, amma ranar duk wanda ya zo taga sai ya ga fara'a. Da matar ta rasu, ba a daɗe ba ciwon daji ya kama shi, ya bi ƙashi. Ya zama shi ake karɓar wa mofin, na sha, miligiram talatin duk bayan awa huɗu. Da abin ya yi nauyi aka kwantar da shi a sashen Auta, gado na bakwai.

A satin ne, ranar Alhamis, aka tara ma'aikata a babban ɗaki. Shugaban asibiti ya miƙe ya karanta cewa sashen masu ciwo mai tsanani ya cika shekara uku ba a rubuta masa kuskuren magani ko ɗaya ba. Aka tafa. Aka miƙa wa Auta allon yabo mai ruwan gwal. Jan Biro na layin baya, kusa da ƙofa, tana lissafi: a shekara ukun nan kaɗai, sau goma sha huɗu. Ta ƙasa kunne ta ji me ƙanwarta za ta ce. Auta ta gode wa nas-nas, ta gode wa Umma, sannan ta ce, “da 'yan uwanmu na ɗakin magani.” Shi ke nan. Aka haɗa ta da masu ɗauko kwali daga sito aka ɗaure da igiya ɗaya.

Ranar Lahadi da ta je jera ƙwayoyi, ta tarar Umma ta rataye hoton bikin a saman talabijin. Nata hoton, na ranar da ta gama makaranta, wanda ya fi shekara ashirin a gurbin, an mai da shi gefen ƙofa, inda labule ke rufe rabinsa. Umma ta ce ta duba mata ko sabon ya karkace. Ta duba, ta ce daidai yake. Ta koma gida ba ta ci abinci ba.

Litinin da safe, ƙarfe tara da minti arba'in, masinja ya ajiye takardun sashen a kan katakon taga. Ta buga musu hatimin karɓa, mai fitar da rana da lokaci, kamar kullum. Ta uku ita ce ta gado na bakwai. Kafinta ya daina iya haɗiya, Auta ta mai da shi kan allura. Duk wanda ya yi wata ɗaya a aikin ya san mofin na allura ya ninka na sha ƙarfi, har fiye, saboda haka in za a sauya sai a rage lambar zuwa rabi ko kashi ɗaya cikin uku. Auta ta kwafe talatin ɗin yadda take. Ga shi gwajin ƙodarsa na ranar Juma'a ya nuna ta fara gajiya, maganin zai daɗe a jiki.

Jan Biro ta zagaye talatin da ja. Hannunta ya kai kan waya, har ta ɗaga. Sai ta tuna ƙarfe biyu na ranar akwai taron wata-wata, inda shugabannin sashe ke zama, shugaban asibiti a kan tebur. Ta ga kanta tana miƙewa, tana ajiye takardar a gabansa, tana cewa cikin ladabi, “Ranka ya daɗe, ga na farko bayan shekara uku.” Ta ji daɗin maganar tun kafin ta faɗe ta. Ta mai da wayar.

Ba za a ce ba ta ga sunan da ke kan takardar ba. Ta gani. Ta ce wa kanta babu allurar da za ta fita daga kabad ɗin nan sai da sa hannunta, saboda haka babu abin da zai same shi. Iyaka zai sha ciwo na awa huɗu, kuma Baba mutum ne mai haƙuri. Da wannan ta rarrashi zuciyarta. Ta sa takardar a durowa, ta tura, ta kira na gaba a layi.

Abin da ta ƙi tunawa shi ne ƙaramin kabad na sashen. Akwai allurai kaɗan da ake ajiyewa a can saboda gaggawa, kuma doka ta yarda in mara lafiya na cikin azaba, nas biyu su sa hannu su ɗauka bisa rubutun likita kafin na ɗakin magani ya iso. Ita da kanta ta cika kabad ɗin ranar Juma'a. Ƙarfe goma kafinta na cizon matashi, nas ta duba katin gado, ta ga talatin da sa hannun likita, ta yi masa. Ya yi barci, 'yarsa ta yi hamdala, ta ce rabonsa da barci irin wannan tun makon jiya. Kafin ƙarfe biyu ya fara motsi yana nishi, nas ta ce lokaci ya kusa, ta ƙara masa ta biyu.

Jan Biro na zaune a ɗakin taro, takardar a ninke cikin aljihu, tana jiran a gama maganar janareta, sai wayar Auta ta yi ƙara. Ta ga fuskar ƙanwarta ta canza. Auta ta ce, “Gado na nawa?” Kafin ta ajiye wayar, Jan Biro ta riga ta kai ƙofa.

Sun same shi leɓɓansa sun yi duhu, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, numfashi sai an jira an jira sannan ya ja ɗaya. Aka yi masa allurar da ke karya mofin, aka sa masa iska. Ya dawo, amma ya daɗe iska ba ta isa kansa ba. Ya ƙara kwana goma sha ɗaya a duniya, idonsa a buɗe, bai sake cewa uffan ba. Kullum Jan Biro na zuwa bakin ƙofar ɗakin ta tsaya, ba ta iya shiga.

'Yar kafinta ba mai hayaniya ba ce, malamar makaranta ce. Ta ce ta san mahaifinta tafiya zai yi, amma akwai maganar da ya ce zai faɗa wa 'ya'yansa in ƙaninta ya iso, kuma ƙanin ya iso ranar Talata. Ta ɗauki lauya. Takardar lauya ta zo da sunan asibiti da sunan Auta. Aka dakatar da Auta daga rubuta mofin, aka kafa kwamitin bincike, aka ce lasisinta na iya tafiya. Umma ta daina barci, tana ta cewa an yi wa Likita baki.

Jan Biro ta karanta takardar lauyan sau uku. Ta ji sanyi da ba ta ga sunanta ba, wannan gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin sanyin, abin kunya, sai ga tsohon abin nan ya motsa. Ko da aka zo neman mai laifi, ba wanda ya tuna akwai mutum a bayan taga. Ta tsani kanta da wannan tunani, amma bai fasa zuwa ba.

Takardar gado na bakwai tana hannun kwamiti. Jan Biro ce ta miƙa ta a ranar, cikin ruɗewa, da jan zagayen da hatimin da komai. Ba wanda ya kula da hatimin sai lauyan iyalin, wani siririn mutum mai magana a hankali. Ranar zama aka kira ta a matsayin shaida kawai. Ya yaba mata da ta gano kuskuren. Sannan ya juya takardar, ya sa yatsa a kusurwa, ya ce ga tara da arba'in a nan, an kuma yi allurar farko ƙarfe goma, ta biyu kusan ƙarfe biyu. Yana so ya san abin da ya faru da takardar a tsakani.

Kafin Jan Biro ta haɗa kalma, Auta ta miƙe daga inda take zaune.

“Ta same ni a baranda wajen goma saura,” in ji ta. “Ta faɗa mini da baki. Na ce zan gyara, aka kira ni wani gado, na manta. Laifina ne ni kaɗai.”

Ta faɗa ba tare da ta kalli yayarta ba. Shugaban kwamiti ya gyaɗa kai, magatakarda ya fara rubutu. Ƙarya ce mai kyau, ba waya a ciki balle a bincika, kuma nauyin da ke kan Auta ya riga ya yi yawa, wannan ɗin ƙari ne kawai. Jan Biro na iya yin shiru ta koma tagarta har ta yi ritaya. Ta dubi 'yar kafinta, wadda ke zaune da jakarta a cinya, goshinta irin na uban sak. Ta dubi ƙanwarta, tsaye cikin farar riga, har 'yan kwamiti sun fara kallonta da tausayi da girmamawa. To ga shi kuma, yau ma ita ce. Ta ɗauki allon yabo, yanzu za ta ɗauki laifin, ta haɗa da halin girma, ta bar wa yayarta godiya har ranar mutuwa.

Ko tsoron Allah ne ya ɗaga ta daga kujera, ko kishin ne, ita kanta ba ta iya rabewa ba har yau.

“Ba ta gan ni ba,” in ji ta. “Ban je baranda ba, ban kira ba. Na ga kuskuren tun tara da arba'in, na sa a durowa, don ina so in nuna shi a taron ƙarfe biyu a gaban mutane.”

Lauya ya tambaye ta dalili. Ta ce, “Ƙanwata ce.” 'Yar kafinta ta dube ta ta ce a hankali, “Ke ce Likitar taga?” Ta ce ita ce. Matar ta kau da kai.

Hukunci ya fito bayan wata biyu. An ja wa Auta kunne a rubuce, an sa wani likita ya riƙa duba rubutunta na shekara guda, ƙaryar da ta yi kuma ta shiga fayil ɗinta. Jan Biro aka karɓe lasisinta, aka ƙara sunanta a ƙarar. Asibiti ya fitar da sabuwar doka, cewa duk kuskuren da aka gyara, ko ta waya ne, sai an rubuta shi da sunan wanda ya gano. Wadda aka sa a tagar yarinya ce mai baƙin biro, kuma a watanta na farko aka yabe ta a taro.

Amma maganar da ta zauna wa Jan Biro ba a takardar hukunci take ba. A ranar zaman ne, bayan an watse. Ta cire igiyar makulli daga wuyanta ta miƙa a ofis, ta fito, ta tarar da Auta zaune a kan bencin da ke fuskantar taga, idonta jajir. Ta zauna a ɗaya ƙarshen.

“Yaya, da kin bar ni,” in ji Auta.

“Laifin ma sai kin fi ni?”

Auta ta share hanci da bayan hannu, kamar lokacin da take kuka a kan lissafi. Ta ce ita ba ta taɓa rubuta mofin gabanta bai faɗi ba, tun ranar farko. Asibiti biyu suka neme ta, manya, ta ƙi zuwa, Umma na ta faɗa.

“Na ce musu saboda Umma ne. Ba saboda ita ba ne. Can ba ki nan. In na sa hannu a takarda sai in ce, ai Yaya na taga.” Ta ɗago ta dubi yayarta. “Arba'in da uku ne, ko? Ni ma ina ƙirgawa.”

Shekara goma sha ɗaya Jan Biro take jiran wannan magana, ta zo mata ranar da ba ta da makulli a wuya. Ta tashi ta je bakin tagar, wadda aka riga aka rufe, ta ɗora hannu a kan katakon. Kusurwar na nan sumul yadda ya zagaye ta.

Ranar Lahadi ta je gidan Umma kamar kullum, ta jera ƙwayoyi a gida bakwai. Tsohuwar ta karɓi akwatin, ta ajiye a gefe, ta ce bari Likita ta zo ta duba.